Yadda Ake Auna Rashin Jin Ƙamshi a Asibitocin Japan, Mataki Bayan Mataki

Tun bayan korona tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu karatu, musamman ɗaliban aikin jinya da na likitanci, da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Japan: idan mutum ya ce hancinsa ya daina jin ƙamshi da wari, da me likita zai auna? Ido yana da allon haruffa, kunne yana da na'ura mai ƙara. Hanci fa?

Japan tana da nata tsarin, kuma ba irin na Amurka ko Jamus ba ne. Ƙungiyar likitocin hanci ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin aikin a 2017, kuma gwaje-gwaje biyu ne inshorar lafiya ke biya: gwajin kwalabe mai suna T&T, da gwajin allurar Alinamin. Sauran ƙari ne, amma ƙari mai amfani. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne jin cewa akwai wani abu a iska daban, gane ko mene ne daban. Duk matakan da ke ƙasa ƙoƙari ne na raba waɗannan biyun. Aikin asibiti ne, musamman allurar, ba abin kwaikwayo a gida ba.

Kafin majinyaci ya shigo

Kayan da za ka tanada: akwatin T&T da tsinkayen takardarsa, takardar zana sakamako, kwandon shara mai murfi ko leda mai kulluwa, sandunan gwajin gane ƙamshi na OSIT-J ko katunansa na Open Essence, allurar Alinamin mai miligiram 10 a cikin mililita 2, sirinji, agogon ƙidayar daƙiƙa, da siririn bututu mai kyamara na leƙa hanci.

Ɗakin ya fi kayan muhimmanci. Dole iska ta riƙa fita, ko ta na'urar zuƙe wari ko ta taga, domin biyu daga cikin warukan T&T masu naci ne, suna kama labule da tufafi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙananan asibitocin unguwa da yawa a Japan ba sa ajiye akwatin, sai su tura mutum babban asibiti mai sashen ƙamshi na musamman.

Gargaɗi: mai gwaji kada ya shafa turare ko mai mai ƙamshi ranar aiki, kuma ya wanke hannu da sabulun da ba shi da ƙamshi. Majinyaci ma a gaya masa tun ranar da aka ba shi lokaci: ban da turare, ban da taba, cingam ko kofi daf da gwaji. Kwalaben a wuri mai sanyi ake ajiye su, to a fito da su da wuri su saki. Ruwa mai sanyi ba ya tashin ƙamshi sosai, sai ka rubuta wa mai lafiya cuta.

Mataki na 1: Tambayoyi

Kada ka yi saurin buɗe kwalba. Rabin amsar tana bakin majinyaci.

Tambaye shi yaushe abin ya fara, kuma farat ɗaya ne ko a hankali. Manyan dalilai uku da likitocin Japan suka fi gani su ne daɗaɗɗen kumburin ramukan iska da ke ƙashin fuska, sai mura, sai buguwar kai. Kowanne da labarinsa. Mai kumburi zai ce wata rana yana ji wata rana ba ya ji, wataƙila bayan wanka da ruwan zafi hancin ya ɗan buɗe. Wanda mura ta taɓa zai ce murar ta tafi, majina ta tsaya, amma ƙamshi bai dawo ba, kuma a Japan mata masu matsakaicin shekaru zuwa sama ne suka fi zuwa da wannan. Wanda ya faɗi ko ya yi haɗarin mota sau da yawa sai bayan ya bar gadon asibiti yake lura.

Sannan ka tambayi yanayin matsalar. Ba ya ji sam? Yana ji kaɗan? Ko yana ji amma a karkace, kofi ya koma warin ƙuna? Ko yana jin warin da babu shi? Kwalabe ba sa auna karkacewar ƙamshi, saboda haka in ba ka rubuta ta a nan ba, ta ɓace daga fayil.

Tambayi asma, domin akwai wani nau'in kumburi mai tsiron nama a hanci da ke tafiya da ita, kuma ƙamshi yake fara ɗaukewa tun kafin hanci ya toshe. Tambayi magungunan da yake sha, musamman maganin kansa mai suna tegafur, wanda aka san yana lalata jin ƙamshi idan an daɗe ana sha. Ga dattijo, tambayi iyalinsa ko akwai mantuwa, karkarwar hannu ko nauyin tafiya.

Gargaɗi: da yawa za su ce "abinci ba ɗanɗano". Tambaye su ko suna bambance gishiri da sukari. In suna bambancewa, harshe lafiya lau yake, hanci ne ya tafi da daɗin abincin.

Mataki na 2: Takardar ƙamshin yau da kullum

Wannan takarda ce da majinyaci ke cikewa da kansa yana zaune yana jira. Abubuwa 20 ne daga rayuwar Bajapane: dafaffiyar shinkafa, miso (ƙullin waken suya da aka ruɓar don miya), ganyen teku, ruwan waken suya na miya, gasasshen burodi, bota, kori, soyayyiyar tafarnuwa, lemon mikan, sitiroberi, koren shayi, kofi, cakulan, iskar gas ta girki, shara, katako, gumi, bayan gida, fure, da turare.

A gaban kowanne zai zaɓi ɗaya: ina ji, maki 2, wani lokaci ina ji, maki 1, ba na ji, maki 0, ko kuma ban shaƙi wannan ba kwanan nan. Na ƙarshen ba ya shiga lissafi. Sai ka haɗa makin, ka raba da mafi girman makin da zai iya samu a abubuwan da ya amsa, ka mayar kashi cikin ɗari. Misali, wanda ya amsa 18 ya bar 2, mafi girman makinsa 36 ne. In ya samu 18, kashi 50 ke nan. Kashi 70 zuwa sama ake ɗauka lafiya.

Gargaɗi: kuskuren da sababbin ma'aikata ke yi shi ne raba komai da 40, sai su rage wa mutum maki a kan abin da bai ko kusanta ba. Kuma idan ya bar fiye da rabi bai amsa ba, takardar ba ta da amfani. Ka tuna kuma ra'ayinsa ne ya rubuta. Tsofaffi da yawa suna cike ta da "ina ji" alhali kwalabe za su ƙaryata su.

Mataki na 3: Gwajin kwalabe na T&T

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma aka fi yin kuskure. Sunan ya fito ne daga malamai biyu da suka jagoranci haɗa gwajin a shekarun 1970, Toyota da Takagi. Ba kamfanin mota ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Waruka biyar ne, an sa musu A zuwa E:

A: ƙamshin furen wardi, zaƙi mara nauyi.
B: ƙamshin ƙonannen sukari, kamar alewa a kan wuta.
C: warin gumi, tsohuwar safa, ko abin da ya ruɓe.
D: ƙamshin 'ya'yan itacen momo (peach a Turance) na gwangwani, zaƙi mai nauyi.
E: warin bayan gida ko ruɓaɓɓen ganye.

Kowanne yana da matakan ƙarfi takwas, daga -2 zuwa 5, kuma kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau goma. B ne kaɗai ya tsaya a 4. Jimilla kwalabe 39. Lamba 0 ita ce ƙarfin da matasan Japan masu lafiyar hanci suke fara ji, shi ya sa akwai lambobi ƙasa da sifili, don masu kaifin hanci.

Ga yadda ake yi:

1. Zaunar da majinyaci ya huta, ka bayyana masa abubuwa biyu da kake so: ya faɗa maka lokacin da ya fara jin akwai wani abu ko da bai san mene ne ba, sannan ya faɗa lokacin da ya gane irinsa.

2. Ɗauki tsinken takarda. Faɗinsa milimita 7, tsawonsa santimita 15. Tsoma bakinsa santimita ɗaya kacal a kwalbar A mai lamba -2, ka rufe kwalbar nan take.

3. A kai bakin tsinken kusan santimita ɗaya daga ƙofar hanci, ya shaƙa sau biyu ko uku a natse.

4. In bai ji ba, jefa tsinken a kwandon, rufe, ɗauki sabo, hau lamba ta gaba.

5. Lambar da ya fara cewa "akwai wani abu" ita ce iyakar ji. Yi mata da'ira a takardar sakamako.

6. Ci gaba da hawa har ya bayyana warin daidai. Wannan ita ce iyakar ganewa. Yi mata alamar gicciye.

7. Ba shi ɗan hutu, sannan ka koma B, haka har E.

Gargaɗi a kan umarni na 2: tsinke ɗaya, kwalba ɗaya. Wanda ya tsoma tsinken lamba 3 a kwalbar lamba 0 ya kashe kwalbar, kuma duk wanda aka gwada da ita daga baya sakamakonsa ƙarya ne. Haka kuma kada ka musanya murafai.

Gargaɗi a kan umarni na 3: tsinken kada ya taɓa fatar hanci ko leɓe. In C ko E ya taɓa gashin baki, sauran gwajin duk warinsa mutum zai yi ta ji. Kuma kada a bar shi ya yi ta zuƙa sau goma, domin hanci yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci, sai ya daina jin abin da ya ji da farko.

Gargaɗi a kan umarni na 6: ba sunan sinadari ake nema ba. Wanda ya ce C "kamar natto", wato abincinsu na ruɓaɓɓen waken suya, ya ci, wanda ya ce E "abu mai ɗoyi, kamar shara" ya ci. Akwai jerin kalmomin da aka yarda da su, ka ajiye shi kusa. Amma kada ka sa masa magana a baki. "Ba ka ji kamar fure ba?" ta ɓata gwaji. Bajapane mai ladabi, kamar dattijon namu, yakan ce e don kada ya ba likita kunya.

Raunin gwajin ke nan a ganina: majinyaci ya san ƙarfin hawa yake yi, don haka yana iya cewa ya ji tun bai ji ba. Maganinsa shi ne ka riƙa saƙa tsinken da aka tsoma a ruwa mara wari jefi-jefi. Wanda ya ce ya ji wardi a wannan, ka san yadda za ka karanta sauran amsoshinsa.

Kullum daga rauni ake hawa zuwa ƙarfi. Wanda ya fara da 5 don ya gama da wuri ya toshe hancin da kansa.

Mataki na 4: Lissafin sakamako

Lambobin iyakar ganewa guda biyar za ka haɗa, ka raba da biyar. Idan mutum bai gane ba har kwalba mafi ƙarfi, ana rubuta masa 6 a A, C, D da E, amma 5 a B tunda B a 4 ya tsaya. Saboda haka mafi munin sakamako shi ne 29 a raba da 5, wato 5.8.

Ga ma'anar abin da ya fito:

1.0 zuwa ƙasa: lafiya.
1.1 zuwa 2.5: raguwa kaɗan.
2.6 zuwa 4.0: raguwa matsakaiciya.
4.1 zuwa 5.5: raguwa mai tsanani.
5.6 zuwa sama: ba ya ji gaba ɗaya.

Misali, a ce an samu A 3, B 2, C 1, D 4, E 2. Jimilla 12, a raba da 5, ya ba da 2.4, raguwa kaɗan. Wani kuma A 6, B 5, C 4, D 6, E 5: jimilla 26, wato 5.2, mai tsanani, amma hancin bai mutu ba tunda ya kama C da E.

Gargaɗi: wanda ya rubuta 6 a B zai fitar da 6.0, lambar da babu ita a wannan gwaji. Ƙaramin kuskure ne a ido, amma a bakin iyaka yana sauya hukunci. Kuma iyakar tana da kuɗi a bayanta. A tsarin biyan diyyar haɗarin aiki da na mota a Japan, 5.6 zuwa sama ana lissafa shi daidai da naƙasa mai daraja ta 12, shi kuwa 2.6 zuwa 5.5 daidai da daraja ta 14, wadda diyyarta ta fi ƙanƙanta. Kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya na iya raba mutum da haƙƙinsa.

Kada ka tsaya a matsakaicin lamba kawai. Kalli tazarar da ke tsakanin da'ira da gicciye. A yawancin mutane suna kusa da juna. Idan mutum yana ji tun a 0 ko 1 amma bai gane ba sai a 4 ko 5, hanci yana kai saƙo, mai karɓa ne ba ya fassarawa. Irin wannan tazara tana sa likita ya yi tunanin ƙwaƙwalwa: buguwar kai, cutar karkarwa ta Fakinsin, ko cutar mantuwa ta Alzaima. Ba hujja ba ce ita kaɗai, amma dalili ce ta neman likitan ƙwaƙwalwa.

Mataki na 5: Gwajin gane ƙamshi, da sanda ko da kati

Me ya sa Japanawa ba su ɗauko gwajin Amurka mai waruka 40 ko alƙaluman ƙamshi na Jamus kawai ba? Saboda mutum ba ya iya kiran sunan abin da bai taɓa shaƙa ba. A gwajin Amurka akwai ƙamshin wasu lemuka da alewa da Bajapane bai tashi da su ba, sai mai lafiya ya faɗi. Shi ya sa masu bincike a cibiyar kimiyyar masana'antu ta ƙasar, AIST, suka haɗa OSIT-J da waruka 12 na gida: turare, wardi, madarar gwangwani mai kauri, lemon mikan, kori, soyayyiyar tafarnuwa, safa mai gumi, iskar gas, mantaleta, tawadar rubutun buroshi, katako, da itacen hinoki da suke gina wuraren ibada da bahon wanka da shi.

Da sanda:

1. Sandar kamar jan-baki take. Zana da'ira mai faɗin santimita 2 da ita a kan 'yar takarda mai santsi da ke zuwa tare da kayan.
2. Ninke takardar biyu, ka murza da yatsu. Ƙamshin a cikin ƙananan ƙwayoyi yake, sai sun fashe yake fita.
3. Miƙa wa majinyaci ya buɗe ya shaƙa.
4. Ya zaɓi amsa daga shida: sunaye huɗu, ko "na ji amma ban gane ba", ko "ban ji komai ba".

Gargaɗi: murza ta zama iri ɗaya ga kowane wari da kowane majinyaci. Murzar ganin dama ita ke sa sakamakon ma'aikaci ɗaya ya saɓa da na ɗan uwansa. Kuma ka kula kada abin ya taɓa yatsunka, in ba haka ba kori zai bi ka har kan hinoki.

Open Essence waruka 12 ɗin nan ne dai, amma an buga su a jikin kati ninkakke. Majinyaci ya buɗe, ƙwayoyin su fashe da kansu, ya shaƙa, ya zaɓi amsa. Ba murza, ba ɓata ɗaki, kuma mutum na iya yi shi kaɗai. Kati sau ɗaya ake amfani da shi, a firji ake ajiya, kuma yana da ranar lalacewa. Likitoci da yawa suna ɗaukar 8 cikin 12 zuwa sama a matsayin lafiya, tare da la'akari da cewa maki yana sauka da shekaru.

Gargaɗi ga baƙo: idan kai ba tashin Japan ba ne, faɗa wa likita tun kafin a fara. Bahaushe zai gane tafarnuwa, gas da mantaleta, amma hinoki fa? Tawadarsu ma ba ƙamshinta ɗaya da ta allo ba. Kana iya faɗuwa a uku ko huɗu da hanci lafiyayye. A wurinka iyakar ji ta T&T ta fi gaskiya. Da a Kano ko Maraɗi aka haɗa gwajin, da daddawa, man shanu da turaren wuta za a sa, kuma da Bajapane ne zai sha wuya, ko da yake daddawa ba za ta ba shi mamaki ba, don ita da natto ɗinsu dangin juna ne a wajen ruɓar da wake.

Mataki na 6: Allurar Alinamin

Wannan gwaji kusan Japan kaɗai ke yin sa. Alinamin wani nau'in bitamin B1 ne mai warin tafarnuwa. Idan aka sa shi a jijiya, jini ya kai shi huhu, ya fito a numfashi, ya bi ta bayan maƙogwaro ya hau can saman hanci inda jijiyoyin ƙamshi suke. Wato ta ƙofar baya warin ke shiga, hanyar da ƙamshin abinci ke bi idan ana tauna.

1. Tambayi majinyaci ko bitamin B1 ya taɓa yi masa illa. In e, a bar gwajin.
2. Gaya masa zai ji wari kamar tafarnuwa ko albasa, ya ɗaga yatsa idan ya fara ji, ya sauke idan ya ɗauke.
3. Ya rufe baki, ya riƙa numfashi ta hanci a natse, kusan sau ɗaya duk daƙiƙa 2.
4. Sa allurar a jijiyar gwiwar hannun hagu. Mililita 2 ɗin a tura su cikin daƙiƙa 20, gudu ɗaya daga farko har ƙarshe.
5. Danna agogo daidai lokacin da ka fara turawa. Rubuta daƙiƙar da ya fara ji, da tsawon lokacin da warin ya ɗauka kafin ya ɓace.

A mai lafiya, warin kan iso cikin daƙiƙa 7 zuwa 8, ya daɗe kusan daƙiƙa 60 zuwa 80. In ya makara wajen isowa ko ya ɗauke da wuri, jin ƙamshi ya ragu. In bai zo ba sam, a rubuta babu amsa.

Gargaɗi mafi girma: akwai Alinamin, akwai Alinamin F. Na biyun an rage masa wari da gangan don masu shan sa a matsayin magani. Ba shi ake gwaji da shi ba, kuma hukumomin diyya ba sa karɓar sakamakonsa. Karanta jikin kwalbar sau biyu.

Gargaɗi: a zuƙi maganin a sirinji nesa da majinyaci, kuma kada ɗigo ya zuba a fata ko auduga kusa da shi, in ba haka ba ta gaba zai ji warin ya ɗaga yatsa. Allurar tana iya yin zafi a jijiya har zuwa kafaɗa. Faɗa masa tun farko, don wasu suna ɗaga yatsa saboda zafin, ba saboda wari ba.

Ni na fi son a bar wannan bayan kwalabe da katuna, domin tafarnuwar kan ɗan zauna a numfashi.

Amfaninsa ba auna yawan raguwa ba ne, warin ya yi ƙarfi da yawa ga wannan. Amfaninsa hasashe ne. Mutumin da ya samu 5.8 a T&T amma ya ji Alinamin, alama ce jijiyoyinsa na da rai, hanya ce ta toshe, kuma ana sa ran magani ko tiyata su dawo masa da ƙamshi. Wanda bai ji ba, fatan ya fi ƙanƙanta, amma kada a ce masa shi ke nan, domin akwai waɗanda ke farfaɗowa duk da haka.

Mataki na 7: Leƙa hanci, hoto da jini

Yanzu ne za a shigar da bututu mai kyamara. Abin nema shi ne siririn lungun da ke can sama tsakanin bangon tsakiyar hanci da tsokar da ke gefensa, inda iska ke kai ƙamshi. A duba ko a buɗe yake, ko kumburi, majina ko tsiron nama sun rufe shi.

Gargaɗi: kafin shigar da bututu akan fesa maganin kashe zafi da na buɗe hanci. Na farko yana dusashe jin ƙamshi, na biyu yana buɗe hanyar da a kullum a toshe take. Duka biyun suna sauya sakamako, shi ya sa na ajiye wannan mataki bayan gwaje-gwajen. In tsarin asibiti ya tilasta a fara leƙawa, a yi ba feshi, ko a ɗage gwajin ƙamshi zuwa wata rana.

Hoton CT yana nuna ramukan fuska da lungun ƙamshi. Hoton MRI kuwa sai idan hanci ya fito tsaf amma ƙamshi babu, ko an bugu a kai, ko mutum ya ce tun haihuwa bai san ƙamshi ba. A jini ana duba zinki da kuma ƙwayoyin jinin da ake kira iyosinofil. Yawansu, tare da tsiro a hanci, ciwo a ɓangarori biyu da abin da CT ya nuna, su ake haɗawa a ma'aunin JESREC na 2015. Maki 11 zuwa sama yana nuni ga nau'in kumburin nan mai taurin kai da ke dawowa bayan tiyata.

Mataki na 8: Kuɗi

A Japan kowane aikin asibiti yana da maki, kuma maki ɗaya yen 10 ne. Gwajin T&T maki 450 ne, wato yen 4,500. Gwajin allura maki 45, wato yen 450, ban da kuɗin maganin. Leƙa hanci da kyamara maki 600. Yawancin masu inshora 'yan ƙasa da shekara 70 kashi 30 cikin ɗari suke biya, don haka T&T zai ci maka yen 1,350, allura yen 135, kyamara yen 1,800, sai kuɗin ganin likita da na hoto. Ana sake duba jadawalin duk shekara biyu, saboda haka ka tambaya a wurin biya.

OSIT-J da Open Essence ba sa cikin inshora. Yadda ake lissafa su ya danganta da asibitin.

Gargaɗi: kada ka miƙe kai tsaye zuwa babban asibiti. Fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro na unguwa, wanda suke kira jibika, ka karɓi takardar turawa, shokaijo. Tun Oktoban 2022, wanda ya je manyan asibitoci ba wannan takarda yana biyan ƙarin aƙalla yen 7,000 daga aljihunsa. Kuma ka kira ka tabbatar suna da T&T kafin ka hau jirgin ƙasa.

Mataki na 9: Haɗa sakamako da ranar dawowa

Likita zai jera komai ya sa majinyaci a ɗaya daga gida uku: hanya ce ta toshe, jijiyar ƙamshi ce ta lalace, ko matsalar a ƙwaƙwalwa take. Tsiro a kyamara da amsa ga Alinamin suna nuna na farko. Hanci a buɗe, labarin mura, da rashin amsa ko amsa mai rauni suna nuna na biyu. Tazara mai faɗi tsakanin ji da ganewa, da ƙarancin maki a katuna, suna nuna na uku. Mutum ɗaya na iya shiga gida biyu, musamman mai daɗaɗɗen kumburi ko wanda ya bugu.

Bayan an fara magani ana maimaita T&T, yawanci bayan wasu watanni, don jijiyar ƙamshi ba ta gaggawa. Ma'aunin ƙungiyar likitocin hanci shi ne: matsakaicin ganewa ya sauko 2.0 ko ƙasa, an warke. Ya ragu da 1.0 ko fiye, an samu sauƙi. Ya ƙaru da 1.0 ko fiye, abin ya ƙaru. In ba ɗaya daga ciki, yana nan yadda yake.

Gargaɗi: kada a maimaita gwaji ranar da mutum ke mura, ko tsakiyar lokacin da garin furen itacen sugi ke tashi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan yana cikin masu atishawarsa. A sake masa rana. Kuma kafin ya fita, duk wanda ya haura 4.0 a gaya masa ya sa na'urar gano yoyon gas da ta hayaƙi a gida, ya riƙa rubuta kwanan wata a jikin abincin da ya sa a firji, ya kuma bar wani a gidan ya riƙa sansana masa madara da kifi kafin ya ci.